Tafiya da iyali a mota zuwa taron RootsTech a Salt Lake City: tambayoyi da amsoshi

An haɗa wannan shafi ne domin iyalan Hausawa mazauna Amurka da ke tunanin cika mota da yara su nufi jihar Utah don halartar taron binciken nasaba na shekara-shekara. Abu biyu ne ke sa tafiyar ta yi albarka ko ta zama asarar mai: shirin da aka yi a gida wajen tattara tarihin zuri'a, da yadda aka tanadi hanya a lokacin sanyi. A kansu aka fi tsayawa.

Wane irin taro ne wannan, kuma su wa ke shirya shi?

RootsTech taro ne na masu binciken asali da nasaba, wanda aka fara a 2011. Ana yin sa a babban zauren Salt Palace da ke tsakiyar Salt Lake City, a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, daga Alhamis zuwa Asabar. Mai shirya shi ita ce FamilySearch, ƙungiyar da ke ƙarƙashin Cocin Yesu Almasihu na Waliyyan Ƙarshen Zamani, waɗanda aka fi sani da Mormon. Ƙungiyar ta samo asali tun 1894, ta fara ɗaukar hotunan tsofaffin takardu a 1938, kuma tana da rumbun ajiya da aka fafe a cikin dutse a kwarin Little Cottonwood, kudu maso gabas da birnin. A taron akwai laccoci masu yawa da ke gudana lokaci guda, akwai jawaban manyan baƙi, akwai kuma filin baje koli inda kamfanoni irin su Ancestry da MyHeritage ke kafa rumfuna.

Tun 2018 shugabannin cocin suka nemi a daina kiransu Mormon, a riƙa faɗin cikakken sunan. Ba wanda zai yi muku faɗa idan bakinku ya suɓuce, amma kiyaye wannan ladabi ne.

Mu Musulmi ne. Wa'azi za a yi mana? Me ya haɗa coci da nasaba?

Taron a buɗe yake ga kowa, kuma ba a tambayar addini wajen rajista. Laccocin Alhamis da Juma'a galibi na sana'ar bincike ne: yadda ake karanta tsohon rubutu, yadda ake adana hotuna, yadda ake fassara sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta. Ranar Asabar ce ake ware wani ɓangare na musamman don mabiya cocin, inda shugabanninsu ke jawabi. Wanda bai so ba sai ya ci gaba da laccocinsa ko ya zauna a baje koli.

Dalilin da ya sa cocin ke kashe dukiya a wannan aiki na aƙida ne, kuma gara ku san shi tun kafin ku rubuta sunan kowa. Sun yi imani cewa zumunci na ɗorewa bayan mutuwa, kuma rayayye na iya karɓar baftisma a madadin kakansa da ya rasu, a cikin haikalinsu. Dokar cocin ita ce mabiyi ya gabatar da sunayen danginsa kaɗai, kuma idan an haifi mamacin cikin shekara 110 da suka wuce sai da izinin makusancinsa da ke raye. An taɓa samun saɓawa, abin da ya kai ga yarjejeniyar 1995 da ƙungiyoyin Yahudawa kan sunayen waɗanda aka kashe a kisan kiyashin Nazi.

Ga abin da wannan ke nufi a aikace. Jadawalin nasaba na FamilySearch guda ɗaya ne na kowa da kowa. Sunan rayayye ba mai ganinsa sai wanda ya shigar da shi, amma sunan mamaci kowa na gani, kowa kuma na iya gyarawa. Iyalin da hankalinsu bai kwanta da hakan ba, su yi amfani da shafin wajen bincike kawai, su ajiye nasu jadawalin a manhajar da ke zaune a kwamfutarsu, kamar Gramps wadda kyauta ce, ko RootsMagic. Duk suna fitar da fayil ɗin GEDCOM, wato fayil ɗin jadawalin nasaba, da za a iya kai wa kowace manhaja daga baya. Wannan shawara ce ta a zauna da manyan gida kafin a yanke, ba ta mutum ɗaya ba.

Za mu sami sunayen kakanninmu na Katsina ko Damagaram a can?

Kada ku sa rai sosai. Ƙarfin wannan rumbu yana wajen takardun coci, ƙidayar jama'a, rajistar haihuwa da ta jiragen ruwa na Turai da nahiyar Amurka. A ƙasar Hausa rajistar haihuwa ba ta yaɗu ba sai a baya-bayan nan, don haka kakan da aka haifa a 1920 da wuya a ce yana cikin wani kundi da aka ɗauki hotonsa. FamilySearch na da aikin naɗar nasaba daga bakin dattawa a ƙasashen Afirka, har da Gana da Najeriya, kuma ana iya bincika shi a intanet, sai dai ƙauye-ƙauye ake bi, naku yana iya kasancewa ciki ko babu. Ku duba wannan tun daga gida.

Takardun da suka shafe mu suna wasu wurare ne: Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ma'adanar ƙasa a Yamai, sai na Turawan mulki a Kew ta Ingila da Aix-en-Provence ta Faransa. Akwai kuma littattafan haraji, takardun kotun alƙali kan rabon gado, da salsalar da malamai ke rubutawa a bayan littattafansu. Abin da za ku samu a Salt Lake shi ne dabarar aiki: yadda ake tsara bayanai, yadda ake auna labarin baka da takarda, yadda ake neman kundi daga ma'adanar da ke nesa. Idan kuwa matar gida ko maigidan Ba'amurke ne baƙar fata, to nan riba ta fi yawa, domin akwai ƙidayar 1870, wadda ita ce ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu, da takardun hukumar da ta kula da su bayan yaƙin basasar Amurka.

To me za mu shirya kafin mu tashi?

Ku ba wa wannan wata biyu. Ku fara da kiran tsofaffin gida, musamman gwaggwanni da kakanni mata, don su ne suka san wa ya auri wa, wa aka yaye a gidan wa. A naɗi muryar da izininsu, kada zama ɗaya ya wuce minti arba'in, kuma kada a haɗa dattawa biyu a kira ɗaya: ƙarami zai yi shiru ya bar wa babba maganar ko da ya san ba haka ba ne.

Ga kowane mutum a rubuta sunan yanka, sunan rana ko laƙabi, sunan uba da na kaka, sarauta ko sana'a, unguwa da gari, da sunan uwarsa. Sunan uwa na da muhimmanci a gidan da ke da mata fiye da ɗaya, saboda kuskuren da aka fi yi shi ne a jera 'ya'ya goma sha biyar ƙarƙashin uwargida. Manhajojin na karɓar aure fiye da ɗaya, amma sai kun buɗe wa kowace mata nata gurbin. Ɗan riƙo ma a nuna shi a matsayin ɗan riƙo. Sai alkunya: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, don haka a nemi wannan daga bakin wani.

Akwatin "sunan iyali" da ke kan fom ɗin Turawa yana rikita aiki, tunda sunan ƙarshe a wajenmu yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, wani lokaci ma sunan gari ne da aka laƙaba wa yaro a makaranta. Ku zaɓi ƙa'ida ɗaya, misali sunan uba a wannan akwati, ku bi ta har ƙarshe, sauran sunayen a sa su a gurbin ƙarin suna. Ku kuma rubuta duk siffofin sunan: Abubakar, Aboubacar, Habu, Garba, Buba mutum ɗaya ne, kuma injin bincike bai san haka ba.

Shekarun haihuwa a ƙiyasta su da abubuwan da suka faru: shigar Turawa Kano da Sakkwato a 1903, yunwar 1914, husufin rana na 1947, zuwan Sarauniya a 1956, samun mulkin kai a 1960, canjin hannun tuƙi a Najeriya a 1972, fitowar naira a 1973. A rubuta "wajen 1947", a ƙara da bayanin wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Tsofaffin hotuna da takardu kuma a ɗauke su da na'ura, takarda a kan ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci (dpi), hoto a kan 600, a zuba a filashi biyu. Na asalin su zauna a gida. Bushewar iskar Utah da zafin hitar mota ba sa yi wa tsohuwar takarda kyau.

Wace hanya za mu bi, kuma kwana nawa?

Manyan hanyoyi biyu ne suka haɗu a birnin: I-80 daga gabas zuwa yamma, I-15 daga kudu zuwa arewa. Daga Las Vegas mil 420 ne, kamar awa shida. Daga Los Angeles kusan mil 690. Daga Denver kusan mil 520. Daga Chicago kusan mil 1,400, wanda da yara ya fi kyau a raba uku: kwana a Omaha, kwana a Cheyenne, sannan a ƙarasa mil 440 na ƙarshe da rana tsaka. Daga New York ya haura mil 2,100, kuma a gaskiya iyali mai ƙananan yara gara su hau jirgi.

Wurin da ke karya shiri shi ne Wyoming. Tsakanin Cheyenne da Laramie hanyar na hawa ƙafa 8,640, mafi tsayi a duk I-80. Daga Laramie zuwa Rawlins, wajen Elk Mountain, iska na kwaso dusar ƙanƙara daga fili ta watsa kan kwalta ko da sama garau take, har direba ya daina ganin motar gabansa. Hukuma na sauke shinge ta rufe hanyar, wani lokaci na awoyi, wani lokaci ya kwana. Idan aka rufe, ɗakunan otal na Laramie da Rawlins na ƙarewa nan da nan, saboda haka da kun ga sanarwa ku kama ɗaki tun kuna nesa. Kada ku bi ƙaramar hanyar da taswirar waya ta nuna don kauce wa shingen. Waɗannan hanyoyi ba a share su da wuri, kuma sau da yawa babu sabis.

Masu tahowa ta I-70 daga Denver za su ratsa ramin Eisenhower a sama da ƙafa 11,000, kuma daga Satumba zuwa Mayu dokar Colorado ta wajabta tayoyi masu riƙe ƙanƙara ko sarƙar da ake ɗaura wa taya a wannan yanki. A cikin Utah, tsakanin Green River da Salina, akwai fiye da mil 100 babu gidan mai ko ɗaya. Masu zuwa daga Texas ta Moab da Price za su bi US-6, hanya mai lanƙwasa da manyan motoci, wadda ba ta dare ba ce. Daga arewacin California kuma akwai tsaunin Donner, inda ake tsayar da motoci a duba sarƙa.

Ku ƙara kwana ɗaya na rara a kan lissafinku, ku sauke manhajojin hanya na hukumomin Wyoming da Utah, ko ku kira 511 kowace safiya kafin ku tada mota.

Me za a duba a jikin motar?

Mako biyu kafin tafiya a kai ta wajen makaniki. Zanen taya kada ya gaza 5/32 na inci, kuma ta kasance mai alamar M+S (ta laka da dusar ƙanƙara) ko alamar tsauni da dusar ƙanƙara. Iskar taya na raguwa kusan awo ɗaya (psi) duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri goma na Faranhait, don haka wanda ya taso daga Houston zai ga fitilar taya ta kama a tsauni. A auna da safe, har da safaya. Batirin da ya haura shekara huɗu a gwada shi. Ruwan lagireto ya zama rabi da rabi da maganin daskarewa. Ruwan wanke gilashi na jihohin kudu yana daskarewa a cikin tiyo, gishirin hanya kuma ya rufe gilashin cikin minti kaɗan. A zubar da shi a zuba mai jure digiri 20 ƙasa da sifili, a riƙe galan ɗaya a but.

A jihohin tsaunuka za ku ga fetur mai lambar ƙarfi (octane) 85 a matsayin na yau da kullum. Idan littafin motarku ya ce 87, ku sayi na tsakiya. Kada tanki ya sauka ƙasa da rabi. A gangaren Parleys da ke shiga birnin daga gabas a sa ƙaramar giya maimakon danne birki, kuma a kashe na'urar riƙe gudu duk inda kwalta ke sheƙi. Masu motar haya su tambaya tun wajen karɓar motar, domin yawancin kamfanoni sun hana ɗaura sarƙa.

Idan muka maƙale a dusar ƙanƙara fa?

Ku zauna cikin motar. A kunna inji minti goma a kowace awa don ɗumi, bayan an fita an share bakin salansa, a kuma ɗan sassauta gilashi ɗaya. Salansar da ta toshe na mayar da hayaƙi mai guba cikin mota, ba shi da wari, kuma yara yake fara kayarwa. Bargo ga kowa, ruwa, dabino, tocila, ƙaramin shebur da wayar jan batir su kasance a inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin akwatuna ba.

Yara za su jure? Akwai abin da zai amfane su?

A tsaya duk bayan awa biyu. Dokar Utah ta ce yaron da bai kai shekara takwas ba sai a kujerar yara, sai idan tsayinsa ya kai inci 57. A cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure bel, don kaurin na hana bel ɗin kama jiki. Birnin na kan tsayin kusan mita 1,300, iskarsa a bushe, shi ya sa haɓo da tsagewar leɓe ke yawa. Ruwa da man shafawa sun isa.

Laccocin ba na ƙananan yara ba ne. Iyaye su yi karɓa-karɓa, ɗaya a lacca, ɗaya da yara a baje koli ko a gidan tarihin yara da ɗakin kallon taurari na Clark, dukansu tafiyar ƙafa ce daga zauren. 'Yan shekara goma sha biyu zuwa sama a ba su aiki: su riƙe jadawalin, su naɗi hirar da za a yi da kaka ta waya a cikin mota.

Ina za mu sauka, ina za mu ajiye mota?

Otal-otal na kusa da zauren na cika watanni kafin taron. Masu rahusa suna wajen filin jirgi, West Valley City, Murray da Sandy. Ku nemi wanda ke kusa da tashar TRAX, jirgin ƙasa na cikin gari, ku bar motar a otal, domin wurin ajiye mota na zauren na cika da sassafe. A tsakiyar gari akwai yankin da hawa jirgin kyauta ne. Ɗaki mai ɗan kicin ya fi wa iyali.

Adireshin birnin lissafi ne daga dandalin haikalin cocin: 300 South na nufin layi uku kudu da shi. Amma kowane layi kusan mita 200 ne, don haka "layi biyar kacal" kilomita guda ce a cikin sanyi.

Salla, Juma'a da abinci fa?

Alƙibla daga Salt Lake tana arewa maso gabas, kusan digiri 29 daga arewa, ba gabas sak ba. Juma'a na faɗowa a tsakiyar taron. Akwai masallacin Khadeeja a West Valley City, kamar rubu'in awa a mota, da Masjid Al-Noor a cikin birnin. A duba lokacin huɗuba a shafinsu. A mazhabar Malikiyya matafiyi na yin ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, saboda haka wanda ya ƙara kwanaki don ɗakin karatu na FamilySearch ya lissafa. Ku duba kalanda kuma: taron 2025, na 6 zuwa 8 ga Maris, ya faɗo cikin azumi.

Gidajen abincin halal na Somaliyawa, 'yan Pakistan da Larabawa suna nan, galibi a kan State Street da Redwood Road. A hanya ne babu, musamman Nebraska da Wyoming, don haka kilishi, dambun nama da soyayyar miya a kula su ne mafita. Mabiya cocin ba sa shan giya, taba, kofi ko shayi, kuma ba a sayar da su a gine-ginen cocin. Mai shan shayi ya cika fulas daga otal.

Yaya za mu raba kwanakin?

Ku iso Talata da yamma, ku ba wa ɗakin karatu na FamilySearch ranar Laraba, kafin cunkoso. Yana kan titin West Temple, layi ɗaya da ɗoriya daga zauren, shiga kyauta ne, ba a buɗewa ranar Lahadi. Ku je da tambaya ɗaya takamaimai a rubuce. "Muna neman asalinmu" ba ta kai ko'ina. "Muna neman takardar sojan da aka ɗauka a Zariya ya yi yaƙin Bama" tana da inda za a fara.

A taron, lacca uku a rana sun isa. Ku zaɓi waɗanda ba a naɗa, tunda waɗanda aka naɗa za ku kalle su a gida, ku kuma isa ɗakin minti goma sha biyar kafin lokaci. Haikalin kansa ba a shigarsa sai mabiya, amma dandalin da ke kewaye da shi a buɗe yake ga baƙi.

Mu sayi gwajin ƙwayoyin halitta da ake rangwame a baje koli?

FamilySearch ba ta sayar da shi, kamfanoni ne. Ana tofa yawu a kwalba ko a goga auduga a kumatu, bayan minti talatin ba ci ba sha, sakamako ya fito bayan makonni. Kason da za a nuna muku na "Najeriya" ko "Mali" ƙiyasi ne da ke sauyawa duk lokacin da kamfani ya sabunta ma'auninsa, kuma samfuran da aka tara daga yankin Sahel kaɗan ne. Ba zai tabbatar muku da sharifta ko zuwan kakanni daga gabas ba. Abin da yake nunawa daidai shi ne dangantaka ta kusa, kuma nan ne haɗarin yake: yana iya fito da ɗan'uwan da ba a sani ba, ko ya kore wanda aka sani, da duk abin da hakan ke jawowa a gado da zumunci. Kada a yi wa yaro ko tsoho gwajin ba tare da an fahimtar da masu hakki ba. Idan za a yi wa mutum ɗaya ne, a fara da mafi tsufa a gidan.

Nawa za mu kashe?

Kuɗin rajista na sauyawa kowace shekara, kuma ya fi sauƙi ga wanda ya yi da wuri. Mai kuwa lissafinsa a fili yake: zuwa da dawowa daga Chicago mil 2,800 ne, motar da ke cin galan ɗaya a mil 25 za ta sha galan 112, a ƙara kashi goma cikin ɗari saboda iska da hawa. Sai kwana huɗu na otal a hanya, huɗu ko biyar a birnin, da kuɗin kwana ɗaya na ko-ta-kwana.

'Yan'uwanmu da ke gida za su iya bi?

Za su iya. Tun 2021, lokacin da annobar korona ta mayar da taron kan intanet, kallon sa daga nesa kyauta ne, rajista kawai ake yi a shafin RootsTech. Agogon Najeriya da Nijar na gaban na Utah da awa takwas a wannan lokaci, don haka zaman ƙarfe tara na safe a can ƙarfe biyar na yamma ne a Kano da Maraɗi. Laccocin da aka naɗa na zama a shafin bayan an tashi, ga wanda datarsa ba ta isa kallon kai tsaye ba.